Kiɗan Duwala da duniya ta ara: wa ke tuna Manu Dibango?

Ana saura kwana huɗu bikin ranar matasa ta 11 ga Fabrairu, muna koya wa yara fareti a filin makarantarmu da ke nan Yawunde. Da muka ba su hutun minti goma su sha ruwa, sai wani abokin aikina ya kunna waƙa a wayarsa ya haɗa da lasifika. Tsohuwar waƙar Rihanna ce, wadda ake kira "Don't Stop the Music". Kafin ka ce kwabo 'yan ajina sun manta da gajiya, suna tafi suna karɓa amshin nan da ake ta maimaitawa a cikinta, wanda ba Ingilishi ba ne, ba kuma Faransanci ba.

Na ƙyale su sai da waƙar ta ƙare, sannan na tambaya: "Wannan amshi da kuke yi, yaren wace ƙasa ne?"

Wani ya ce na Amurka ne. Wata ta ce ai ba yare ba ne, surutun mawaƙa ne kawai. Wani da yake ganin ya fi su buɗewar ido ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, na Michael Jackson ne, Rihanna ɗauka ta yi."

Yara hamsin da 'yan kai, dukansu haifaffun Kamaru, har da biyu da iyayensu Duwalawa ne, amma ba wanda ya san cewa kalmar da suke tsinkawa gaɓa-gaɓa kalmar Duwala ce. Ba wanda ya san cewa mutumin da ya fara tsinka ta haka ɗan ƙasarsu ne, mai busa saksofon, Manu Dibango. Ban ga laifinsu ba, don ni ma sai da na girma na sani, alhali a unguwar Briqueterie aka haife ni, inda rediyon shagunan teloli ba ya hutawa.

Na san wani mai karatu zai ce, malamin makaranta, Musulmi, me ya haɗa ka da mai busa? To, hukuncin kiɗa a addini na bar wa malamai, su ne masu wannan fage. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami maganar haƙƙi ce da maganar suna: yadda abu ke fita daga hannun mai shi ya zagaya duniya, kowa na amfana da shi, sunan mai shi kuwa ya faɗi a hanya. Wannan ta shafe mu ko da ba mu taɓa taka rawa ba.

Kilo uku na gahawa

An haifi Emmanuel N'Djoké Dibango a Duwala ranar 12 ga Disamba 1933. Mahaifinsa ma'aikacin gwamnati ne ɗan ƙabilar Yabassi, mahaifiyarsa kuwa 'yar Duwala ce, tela, wadda ke jagorantar mata masu waƙa a cocinsu. A 1949, yana da shekara 15, iyayensa suka sa shi a jirgin ruwa zuwa Marseille don ya yi karatu a Faransa. Cikin kayansa akwai kilo uku na gahawa, wadda ta yi wuya a Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, don ya biya kuɗin zamansa na farko a gidan da zai sauka a garin Saint-Calais. Shi ya sa da ya zo rubuta tarihin rayuwarsa ya sa wa littafin suna "Trois kilos de café".

Uban takardar shaida ya tura shi nema. Amma a wani sansanin hutu na yaran Afirka ya haɗu da ɗan ƙasarsa Francis Bebey, wanda ya buɗe masa ƙofar kiɗan jaz. Ga wanda bai sani ba, jaz kiɗan baƙaƙen fatar Amurka ne, ya tsiro a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20. Ƙa'idarsa ita ce a fara da karin da kowa ya sani, sannan kowane makaɗi ya fito shi kaɗai ya ƙirƙiri nasa nan take, ba tare da ya rubuta ba. Wanda ya taɓa jin yadda marigayi Mamman Shata ke ƙaga waƙa a tsaye a gaban jama'a, masu kalangu na bin sa, ya riga ya fahimci rabin abin.

Ita kuwa saksofon, wani ɗan Beljiyam mai suna Adolphe Sax ne ya ƙera ta, ya yi mata rajista a 1846. Jikinta tagulla ne, a bakinta akwai ɗan siririn kara da ke kaɗawa idan an hura, kamar dai yadda algaitar fadar Lamiɗo take da nata, sai dai muryar saksofon ta fi kauri kuma tana iya yin ƙasa sosai. Ta daɗe a hannun 'yan badujalar soja. Masu jaz irin su Coleman Hawkins da Lester Young da Charlie Parker ne suka mayar da ita abin da ke magana kamar mutum. A wannan makaranta Dibango ya yi karatun kunne, bayan ya fara da fiyano.

A 1956, a garin Reims, ya faɗi kashi na biyu na jarabawar bakaloriya, don dare yana gidajen kiɗa. Mahaifinsa ya yanke masa kuɗi. A matsayina na malami ba na ba yara wannan ɓangaren a matsayin abin koyi, kuma na fahimci fushin uban sarai. Sai dai abin da ya biyo baya ba zaman banza ba ne. Ya koma Brussels yana busa don ya ci abinci. A 1960, lokacin da 'yan siyasar Kwango suka je can tattauna 'yancin kai, ya haɗu da Joseph Kabasele, wanda aka fi sani da Grand Kallé, shugaban ƙungiyar African Jazz. Kabasele ya ɗauke shi aiki, ya tafi da shi birnin da yanzu ake kira Kinshasa. Daga nan ya dawo Duwala ya buɗe gidan kiɗa, abin bai yi ba, ya ci bashi, ya koma Paris yana yi wa mawaƙan Faransa irin su Dick Rivers da Nino Ferrer kiɗa a bayan fage. Zuwa 1972 yana dab da shekara 40, an san shi a cikin sana'a, amma duniya ba ta san shi ba.

Abin da aka cike bayan faifai da shi

A 1972 Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka karo na takwas, a Yawunde da Duwala. Don wannan gasa aka gina babban filin wasa na Mfandena. Dibango ya nemi ma'aikatar wasanni ta ba shi kuɗi ya yi wa gasar take, aka ba shi. To ƙaramin faifan garmaho na wancan zamani fuska biyu gare shi, waƙa ɗaya a kowace fuska. Taken gasa ya hau fuskar farko. Saura baya, ba a barin sa fayau. Sai ya ɗauki kiɗan makosa na Duwalawa, ya gauraya shi da salon "soul" na baƙaƙen Amurka da busar jaz, ya kira shi "Soul Makossa". Kalmar makosa daga kalmar rawa ta fito a harshen Duwala. Maimakon ya faɗe ta yadda take, sai ya riƙa tsinka ta yana maimaita gaɓoɓinta kamar wasan yara. Shi da kansa ya ba da labarin cewa da mahaifinsa ya ji shi yana gwaji a gida, dariya ya yi masa, yana mamakin yadda ɗan da aka kai Turai ya dawo yana in'ina.

Na tambayi mahaifina ko yana tuna wannan lokaci. A shekarar yana yaron shago, yana koyon ɗinki.

Ya ce, "Yo wa zai manta? Kullum rediyo sai ya sa taken nan, har mun haddace. Ranar da Kwango ta ci mu ɗaya da nema, wallahi unguwar nan kamar an yi mutuwa. Maigidana ya kashe rediyo ya ce kowa ya koma kan kekensa."

Na ce, "Baba, to ɗayar waƙar fa, ta bayan faifan?"

Ya ce, "Wa ya san da ita? Wanda aka ci a gidansa ina ya ga ta juya faifai? Sai daga baya muka ji wai Amurkawa na rawa da ita, sannan muka ce ashe namu ne."

Haka aka yi. A wasan kusa da na ƙarshe Kwango Brazzaville ta fitar da Kamaru da ci 1-0, ta je ta doke Mali 3-2 ta ɗauki kofi, mu muka ƙare na uku. Taken gasa ya mutu tare da gasar. Yarana sun san irin wannan ɗacin, don bayan shekara 50 cif, a 2022, mun sake karɓar baƙunci, Masar ta fitar da mu a daidai wannan mataki, muka sake ƙarewa na uku.

Yadda ya tsallaka teku

Wasu 'yan ƙwayoyin faifan suka isa New York. Wani mai haɗa taron rawa a gidansa, David Mancuso, ya tsinci ɗaya a wani shagon faifai na mutanen Karibiyan a unguwar Brooklyn. Ya juya bayan, ya sa wa baƙinsa a wurin da ake kira The Loft, wuri ya kaure. Daga nan Frankie Crocker, mai gabatar da shiri a gidan rediyon WBLS da baƙaƙen fatar birnin ke saurare, ya fara sa shi. Mutane suka bazama shaguna nema, babu. Da 'yan kasuwa suka ga haka, sai ƙungiyoyin kiɗa fiye da ashirin suka yi ta kwaikwayonsa suna fitar da nasu. Sai da kamfanin Atlantic ya sayi izini daga kamfanin Fiesta na Faransa sannan na asalin ya wadata. A 1973 ya kai lamba 35 a jerin waƙoƙi ɗari na mujallar Billboard, aka kuma sa shi cikin masu takarar kyautar Grammy. A shekarar Dibango ya yi wasa a zauren Apollo na Harlem, ya kuma hau dandali a filin Yankee tare da ƙungiyar Fania All-Stars.

Abu biyu suka sa masu tarihin kiɗa ba sa tsallake wannan faifai. Na farko, hanyar da ya bi. A da kamfani ne ke kai waƙa rediyo, rediyo ya koya wa mutane son ta, sannan a je a yi rawa da ita. Wannan kuwa daga filin rawa ya taso, rediyo ya bi shi, kamfani ya zo daga ƙarshe yana haki. Wannan hanya ce kiɗan disko ya bi a shekarun da suka biyo baya, shi ya sa ake lissafa "Soul Makossa" cikin faifan disko na farko-farko. Idan ka lura, ita ce kuma hanyar da waƙa ke bi yau a TikTok: jama'a su fara, manya su biyo.

Na biyu, yadda aka gina shi. Ba labari a ciki, ba baitoci masu tsawo da sai ka ji yaren. Akwai jita mai kaurin murya da ke maimaita ɗan gajeren kari ba ta gajiya, akwai ganga da ba ta canja taki, akwai muryarsa mai zurfi da ke magana fiye da rerawa, sannan saksofon ta shigo da 'yar gajeruwar jimla, ta yi shiru, ta sake dawowa. A jaz na asali mai busa kan ɗauki minti biyar ko goma yana yawo shi kaɗai, masu sauraro na zaune. Dibango ya san wannan fanni, amma a nan ya taƙaita busar ta zama kamar amshi, ya ba wa ganga da jita ragamar tafiya. Kiɗa ne da aka yi shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa tana iya tsayawa da ƙafarta. Abin da ya sa ya yi farin jini ke nan, kuma abin da ya sa ya yi sauƙin ɗauka ke nan.

Tasirin ya fara tun a shekarar. 'Yan ƙungiyar Kool & the Gang sun sha ba da labarin cewa kamfaninsu ya matsa musu su kwaikwayi "Soul Makossa", suka ƙi, suka shiga ɗakin gwaji suka fito da nasu a kan irin wannan taki. A cikin abin da suka fito da shi akwai "Jungle Boogie" da "Funky Stuff", waɗanda suka ɗaga su. Wannan aro ne mai kyau: sun ji, sun koya, sun yi nasu, kuma sun faɗi inda suka ji.

Jackson, Rihanna da kotun Paris

A ƙarshen Nuwamba 1982 Michael Jackson ya fitar da kundin "Thriller", wanda har yau ba a yi kundin da ya kai shi ciniki ba. Waƙar farko a ciki ita ce "Wanna Be Startin' Somethin'", kuma an rufe ta da amshin nan na tsinka kalmar makosa, an ɗan sauya gaɓoɓin. Ba a tambayi Dibango ba, ba a rubuta sunansa ba. Ya kai ƙara, daga baya aka sasanta a wajen kotu, aka biya shi.

Magana ba ta ƙare nan ba. A 2007 Rihanna ta ɗauki amshin ta sa a waƙar da yarana ke rawa da ita. Masu yi mata aiki sun nemi izini, amma wurin Jackson suka nema. Wato an je aron kaya wurin wanda shi ma aro ya yi, mai kayan yana zaune ba a ko yi masa sallama ba. A farkon 2009 Dibango, yana da shekara 75, ya shigar da ƙara a Paris yana neman Yuro 500,000, kusan sefa miliyan 328 ke nan. Kotu ta ƙi karɓar ƙarar, bisa hujjar cewa tun kafin nan ya amince a rubuta sunansa a jikin faifan Rihanna da za a sake bugawa a Faransa, don haka wancan ɓangaren ya wuce.

Za a iya cewa ya faɗi. Amma dubi abin da ya faru a tsakani. Masu kiɗan hip-hop suna da al'adar yanko guntun tsohon faifai su dasa a sabuwar waƙa. Jay-Z ya yanko busar "Soul Makossa" a waƙarsa "Face Off" ta 1997. Kanye West ya yi amfani da amshin a "Lost in the World" ta 2010, kuma a can sunan Manu Dibango na cikin jerin marubutan waƙar. Ba tausayi ne ya sa aka fara rubuta shi ba. An san dattijon yana da takarda, yana da lauya, kuma ba ya jin kunyar tambayar abinsa.

Ba shi kaɗai ba ne

Abin mamaki, sau uku ana yi wa ƙasar nan irin wannan. André-Marie Tala, makahon mawaƙin nan na yammacin Kamaru, ya yi "Hot Koki". A 1975 sai ga James Brown ya fitar da "Hustle!!! (Dead on It)" a kan kiɗan. Tala ya kai ƙara, aka yi shekaru ana shari'a, kotu ta ba shi gaskiya. Sannan "Zangalewa", wadda ƙungiyar Golden Sounds ta dakarun tsaron fadar shugaban ƙasa ta fitar a 1986, ita ce ta koma "Waka Waka" ta Shakira a gasar cin kofin duniya ta 2010. Sai da aka yi surutu sannan aka zauna da su aka daidaita. Ita wannan yarana sun san tamu ce, don da ita suke taka fareti.

Dibango bai tsaya kan haƙƙin kansa kawai ba. Ya shugabanci Cameroon Music Corporation, hukumar da aka kafa don tattara wa mawaƙa kuɗin haƙƙinsu, aikin da ya zo da rigingimu masu yawa. Bai kuma zauna yana cin tsohon suna ba. Ya jagoranci ƙungiyar kiɗa ta gidan rediyo da talabijin na Kodebuwa a Abidjan, ya yi kiɗan fim ɗin "Ceddo" na Ousmane Sembène, ya je Jamaika ya yi aiki da Sly da Robbie, ya yi da Herbie Hancock, ya tara mawaƙan Afirka don taimakon waɗanda yunwa ta shafa a Habasha a tsakiyar shekarun 1980. A 1994 ya fitar da "Wakafrika" tare da Youssou N'Dour da Salif Keita da King Sunny Adé da Angélique Kidjo da Papa Wemba, inda ya sake busa sanannun waƙoƙin Afirka, kowace da sunan mai ita. A 2004 hukumar UNESCO ta naɗa shi jakadan zaman lafiya a fannin fasaha.

Ya mutu ranar 24 ga Maris 2020 a Faransa, yana da shekara 86, cutar korona ce ajalinsa. Mako guda ke nan da rufe makarantu a ƙasar nan, ina zaune a gida na ji a rediyo. Saboda dokar kulle, mutane ƙalilan ne suka raka shi makabarta a Paris.

Aro da sata, da kuma mu

Kada mu yi saurin cewa Turawa ɓarayi ne mu kuwa salihai. Shi kansa Dibango mai aro ne, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Kayan busarsa na Beljiyam ne, salon busarsa na Amurka ne, ya sha rumba a Kwango, rabin sunan waƙar tasa ma Ingilishi ne. Baƙaƙen Amurkan da ya ara a wurinsu su ma kakanninsu daga nan aka kwashe su, da kiɗansu a ka. Kiɗa bai taɓa zama wuri ɗaya ba, kuma ba wanda zai hana shi yawo. Bambancin aro da sata abu biyu ne kawai: ka faɗi wurin wanda ka ɗauka, in kuma ka samu riba ka ba shi rabonsa.

To mu fa? Kowa ya san yawan waƙoƙin finafinan Hausa da aka ɗora a kan karin waƙoƙin Indiya, har ma da wasu waƙoƙin bege. Sau nawa aka rubuta sunan Ba'indiyen da ya ƙirƙiri karin? Sau nawa matashi ya ɗauki amshin Shata ko na Ɗan Maraya Jos ko na Barmani Choge ya zuba a kan kiɗan kwamfuta, bai ko ambace su ba, balle ya nemi iyalansu? A WhatsApp kullum ana turo mana karatu da wa'azi da waƙa an yanke farkon, inda mai abin ya faɗi sunansa, wani ma ya manna hotonsa da lambar wayarsa a kai. Mu da kanmu muke turawa gaba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, mu ne bai kamata a koya wa wannan ba. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san ba a karanta hadisi sai an faɗi wanda ya ruwaito shi. Malamanmu suna ba da ijaza da salsala, wane daga wane daga wane. Marubuta waƙoƙin ajami kan rufe waƙa da sunansu, wani lokaci har da shekarar da suka yi ta cikin ramzi. Ko a shagon mahaifina, idan baƙon tela ya zo neman aiki, kafin a ba shi almakashi sai an tambaye shi wa ya koya masa. Al'adar jingina abu ga mai shi tamu ce tun fil azal. Waya ce ta zo muka sake ta.

Akwai kuma darasi ga matasanmu masu shiga ƙananan ɗakunan ɗaukar murya a Briqueterie da New Bell da Garwa da Marwa. Abin da ya ceci Dibango shi ne an buga faifansa da sunansa da shekara, akwai kamfani, akwai rajista. Da a bakin wani biki kawai ya yi amshin nan, da ba shi da abin nuna wa alƙali. Ƙasar nan tana da dokar haƙƙin mawallafa ta 19 ga Disamba 2000, kuma hedikwatar OAPI, hukumar kare mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka 17 da suka haɗa da Nijar da Chadi, a nan Yawunde take. Kafin ka saki waƙa ko littafi ko zanen hula a intanet, rubuta wa ya yi me, ku sa hannu, ka yi rajista inda ake yi, ka ajiye kwafin farko. Kada ka ce ai wannan ƙaramin abu ne. "Soul Makossa" ma cike gurbi aka yi da ita.

Aikin gida

Washegarin fareti na shiga aji na rubuta sunan Manu Dibango a allo. Na rataya taswirar duniya, muka bi hanyar da yatsa: Duwala, Marseille, Brussels, Kinshasa, Paris, New York. Darasin labarin ƙasa ne da tarihi a haɗe, ban ma sa musu waƙar ba. Ɗaya daga cikin yaran nan Duwalawa ya yi ta murmushi shi kaɗai, da na tambaye shi sai ya ce, "Mushe, ashe yarenmu ne Michael Jackson yake yi."

Sai na ba su aikin gida. Kowa ya je wurin babba a gidansu, ya karɓo waƙar reno ko tatsuniya ko karin magana guda ɗaya, ya rubuto. A ƙasa kuma ya rubuta sunan wanda ya ba shi, da wurin wanda shi ma ya ji, iya inda aka iya tunawa.

Yara 41 suka kawo. Akwai Hausa, akwai Fulatanci, akwai Ewondo da Bamun da Duwala. Yawancinsu salsalar ta tsaya a kan kaka. Wata yarinya ta kawo waƙar daka da ta kai mutum huɗu, daga mahaifiyarta har zuwa wata tsohuwa a Banyo da ba wanda ya gan ta a cikinsu sai suna. Wani kuma ya dawo da takarda rabi, ya ce, "Mushe, kakata ta ce ita ma ba ta san mai shi ba, wai da can ba a tambaya." Na ce ya rubuta sunan kakar, ya sa kwanan wata, daga kanta aka fara.

Na haɗa takardun na kai wa mahaifina ya ɗinke mini gefensu da keke. Suna cikin kabad ɗin aji, kuma 'yan ajin baɗi za su ƙara nasu a kai, in Allah ya kai mu.